Maganin Ciyawa da Takin Zamani a Gonakin Gaya da Ajingi: Ina Tsuntsaye da Ƙananan Namun Daji Suka Tsaya?

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki tambayar da akan ji a bakin manoma da masu kiwon kaji, wato ko maganin ciyawa da takin zamani suna cutar da tsuntsaye da ƙananan halittun gona, ta ɗora ta a kan ƙasar Gaya da Ajingi, inda ƙasa rairayi ce, gonaki suna manne da juna, kaji da zabi kuma suna kiwo a sake. An dogara da abin da aka tabbatar game da aikin sinadaran, da binciken da aka yi a Turai da Amurka da ƙasashen Sahel, har da Samaru. Matsayar maƙalar ita ce, galibin maganin ciyawa ba ya kashe tsuntsu kai tsaye, abincinsa da maɓoyarsa yake ɗaukewa, don haka rashin ganin mushe a gona ba ya wanke shi. Takin zamani kuwa haɗarinsa ya fi tattaruwa a bakin ruwa da wurin ajiya.

1.0 Gabatarwa

A Ingila da Amurka, mai gida ne yake yin wannan tambaya game da shimfiɗar ciyawar ado da ke ƙofar gidansa: idan ya zuba mata taki ya fesa maganin da zai kashe baƙin tsirrai, me zai sami tsuntsayen da ke sauka a kai? Mu a nan ba mu san shuka ciyawa don ado ba. Tsakar gida shara take so, ƙofar gida kuma daɓe. Amma tambayar ta iso mana ta wata ƙofar, kuma ta fi nauyi a wajenmu, domin filin da ake magana a kansa shi ne gonar da ake ci daga gare ta, da lambun fadama, da bayan gida inda zabi ke kiwo. Injin feshin da ake goyawa a baya bai tsaya a gona ba ma. Ya shiga filin makaranta da filin idi da maƙabarta da gefen hanya, wuraren da a da gayya ake kira a nome su.

Akwai abin tunani a ce a Gaya ake wannan magana. Tarihin baka na Kano ya ce Abagayawa, maƙeran da suka fara zama a gindin Dala don neman tama, daga Gaya suka taso. Ke nan garin da aka san shi da ƙirar fartanya ne yau yake kallon jarka tana karɓe aikin fartanya.

Ba na ganin laifin manomi a wannan sauyi, kuma duk wanda zai yi masa wa'azi ya fara lissafa kuɗin noman firi da maimai. Daminarmu wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, ciyawa kuma ba ta jiran kowa. A mako biyun da kowa yake neman 'yan ƙwadago, a nan kuɗinsu yake tashi, samari da yawa kuma sun tafi nema birni. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya ƙara tsada. Mutum ɗaya da injin feshi yakan gama a wuni guda abin da zai ci mutane da yawa kwanaki. Saboda haka abin da ke gabanmu shi ne mu san wane magani ne yake yin me, a wane wuri, a wane lokaci.

2.0 Abin da ke cikin jarka

A shagon mai sayar da kayan gona, duk sunansu ɗaya: magani. Wannan kalma guda ita ce farkon ruɗani, domin ta haɗa abubuwan da aikinsu ya sha bamban.

Wanda ya fi yawa shi ne gilifosat, wanda kamfanin Monsanto ya fitar a 1974 da sunan Roundup, yanzu kuma yake zuwa da sunaye barkatai. Yana shiga ta ganye ya bi jikin tsiro har saiwa. Yana toshe wata hanya ce da tsirrai suke bi su haɗa wasu sinadaran gina jiki, hanyar da babu ita a jikin tsuntsu ko dabba. Shi ya sa kurciya za ta yi kiwo a gonar da aka fesa jiya ta tashi lafiya ƙalau. Wannan gaskiya ce, kuma bai kamata masu kishin muhalli su ɓoye ta ba. Sai dai abin da ke cikin jarka ba gilifosat ne zalla ba. Ana haɗa shi da wani sinadari mai kama da sabulu don ya kama ganye, kuma shi wannan mahaɗi yana lalata fatar halittun ruwa. A 2005 Rick Relyea na Jami'ar Pittsburgh ya gwada Roundup a ƙananan tafkunan gwaji, kusan duk 'ya'yan kwaɗin da ke ciki suka mutu. A 2018 kuma masu bincike a Jami'ar Texas suka nuna yana dagula ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanjin kudan zuma, abin da ke sa cuta ta fi saurin kama shi. Ta fuskar lafiyar ɗan Adam har yanzu ana jayayya: cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar a 2015, Tarayyar Turai kuwa ta sabunta masa izini na shekara 10 a ƙarshen 2023.

Farakwat, wanda aka fi sani da Gramoxone, wani abu ne daban. Ƙona duk koren da ya taɓa yake yi, cikin kwana ɗaya ko biyu gona ta yi ja, wanda shi ne abin da ya sa manoma suke son sa: ido yana ganin aikin kuɗinsa. Guba ce ta gaske ga duk mai huhu. Kurɓi ɗaya yana iya kashe mutum, kuma ba shi da makari. Gwaje-gwajen da aka yi a Amurka a farkon shekarun 1980 sun nuna idan ya taɓa ɓawon ƙwan agwagwa yana ratsawa ya kashe ɗan tayi ko ya naƙasa shi. Lokacin da kotun Tarayyar Turai ta soke izininsa a watan Yulin 2007, bisa ƙarar da ƙasar Suwidin ta shigar, cikin dalilanta har da abin da yake yi wa zomaye da ƙwan tsuntsaye. To, duk wanda ya taɓa kiwon zabi ya san inda zabuwa take zuba ƙwai da damina: cikin duhuwar ciyawa a bayan gida ko gefen gona, inda mai ita ma sai ta yi fakon ta kafin ta gano wurin. Zabon daji da fakara ma a ƙasa suke sheƙa. Mai feshi ba ya ganin sheƙar, balle ya kauce mata.

Na uku shi ne atirazin, mai hana ciyawa tsirowa a gonar masara da dawa. Matsalarsa ita ce ba ya zama inda aka sa shi. Ruwa yana tafiya da shi, musamman a ƙasa mai yashi irin tamu, ya gangara kududdufi ko ya nutse zuwa ruwan rijiya. Yawan samunsa a ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ya sa Tarayyar Turai ta janye shi a 2004. A 2002 Tyrone Hayes na Jami'ar Kalifoniya ya ba da rahoton cewa kashi ɗaya cikin biliyan goma na atirazin a ruwa ya isa ya rikita halittar namijin wani kwaɗon Afirka. Wasu sun maimaita gwajin ba su sami irin sakamakonsa ba, don haka ban kafa hujja da shi ita kaɗai ba. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne atirazin yana kashe tsirran ruwa da gansakuka, waɗanda su ne tushen abincin komai a tafki.

Hukumar NAFDAC ta sanar da haramta farakwat daga Janairun 2024, atirazin kuma daga Janairun 2025. Mataki ne mai kyau. Amma doka a takarda ba ta kwashe kayan da ke kan kanta, kuma manomin da yake sayen magani a tsiyaye cikin gorar ruwa, ba tambari ba rubutu, ba shi da hanyar sanin abin da ya saya.

3.0 Yunwar da ba ta barin mushe

Hujjar da aka fi kawowa ita ce: «Shekara nawa muna feshi, ba mu taɓa tsintar mataccen tsuntsu ba.» Mai faɗin haka ba ƙarya yake yi ba. Kuskuren yana cikin zaton cewa cutarwa sai ta bar gawa.

Misalin da ya fi fito da wannan fili daga Ingila yake. Suna da wata tsuntsuwar gona 'yar uwar fakara, wadda yawanta ya ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 tun daga ƙarshen shekarun 1960. Dick Potts ya fara bin diddiginta a gonakin Sussex a 1968, ya shafe shekaru yana ƙirga, ya fitar da littafi a kanta a 1986. Abin da ya gano shi ne manyan tsuntsayen ba guba ce take kashe su ba. 'Yan tsakin ne ba sa rayuwa. A makonni biyu zuwa uku na farkon rayuwarsu ƙwari ne babban abincinsu, ƙwarin kuma a jikin ciyayi masu faɗin ganye suke rayuwa, ciyayin da maganin feshi ya share daga gonakin alkama da sha'ir. Uwa ta ƙyanƙyashe goma sha, ta yi ta yawo da su a gona mai tsabta, su yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ɗan tsako mai kwana biyar idan ya mutu a kunya, tururuwa sun gama da shi kafin hantsi. Wa zai tsince shi? Da Michael Rands ya gwada barin mita 6 na gefen gona ba feshi, a rahotonsa na 1985, sai ga 'yan tsakin da ke rayuwa sun ƙaru a fili.

Ba fakara kaɗai ba. Yawancin tsuntsayen da muke kira masu cin tsaba, da ƙwari suke ciyar da 'ya'yansu a sheƙa, tsutsa da ƙananan fara, domin tsaba ba ta gina jikin ɗan tsuntsu da saurin da ake bukata. Kurciya ce ta fita daban, don ita daga maƙoshinta take ba 'ya'yanta wani abu mai kama da nono, amma ita ma rayuwarta a kan 'ya'yan ciyawa take. Binciken da aka yi a Ingila a kan wata kurciya mai ƙaura, wadda take cin rani a Sahel har da arewacin Nijeriya, ya nuna a shekarun 1960 'ya'yan ciyayi ne mafi yawan abincinta, zuwa shekarun 1990 kuwa ta koma dogaro da hatsin da ya zube, yawan sheƙar da take yi a shekara kuma ya ragu. A 2023 aka wallafa wani nazari da ya haɗa nau'in tsuntsaye 170 a ƙasashen Turai 28, daga 1980 zuwa 2016. Tsuntsayen gona sun ragu da kusan kashi 57 cikin 100, kuma abin da ya fi kowane dalili nauyi shi ne ƙaruwar amfani da magungunan feshi da takin zamani.

Za a ce Turai daban, Gaya daban, kuma haka ne. Amma bambancin yana nuna abin da muke da shi ne wanda su suka riga suka rasa. Fartanya tana da ido. Mai noma yana sare harkiya da ƙarangiya, ya tsallake lalo da gasaya da karkashi da rama domin tukunya tana jiransu, ya bar yaɗiya tana bin shinge, ya kewaye ɗan gawon da ya tsiro. Ciyawar da aka nome ma ba asara ba ce, yara suna kwasowa a kai wa tumaki da awaki, su kuma su mayar da ita taki. A gefen gona akwai gamba da ake bari don zana, da ƙyasuwa, da kututturen sabara da kalgo. A nan bushiya take kwana, a nan ƙadangare da hawainiya suke farauta, a nan kudan zuma yake samun fure lokacin da amfanin gona bai fara huda ba. Ruwan feshi ba ya tantance ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zurfi. Noman gargajiyar yankin nan haɗaka ne: gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya. Atirazin da maganin 2,4-D ba sa jituwa da wake ko gyaɗa ko riɗi, saboda su ma masu faɗin ganye ne. Wanda ya ɗauki maganin a matsayin hanyar nomansa, sannu a hankali maganin ne zai zaɓa masa abin da zai shuka, ya tura shi ga shuka iri ɗaya zalla. Gona mai iri ɗaya kuwa ƙwarinta kaɗan ne a nau'i, masu yawa a ɓarna.

Na san akwai wanda zai ce tsuntsu ai maƙiyin manomi ne, ya kawo misalin jan-baki. Ba na musun ɓarnarsa. Amma Peter Ward, wanda ya yi nazarin abincin jan-baki a yankin Tafkin Chadi ya wallafa a 1965, ya nuna 'ya'yan ciyawar daji ne ainihin abincinsa. A fahimtata, duk abin da ya rage wa masu cin tsaba ciyawar daji, to gero da shinkafa ya nuna musu. Sannan mu tuna da waɗanda suke yi mana aiki ba lada: balbela da ke bin shanu tana tsince fara, shamuwa mai zuwa da ruwan farko, wadda bincike a kudu maso gabashin Nijar ya tabbatar tana cin fara mai ɗimbin yawa, da mujiya mai rage ɓeraye a bakin rumbu.

4.0 Taki: inda haɗarin yake da inda babu shi

A nan ina so in rage zafin zargi. Matsalar ƙasarmu ƙarancin taki ce. Lokacin taron Abuja na watan Yunin 2006, matsakaicin abin da manomin Afirka ta kudu da Sahara yake zubawa kilo 8 ne a hekta, shugabanni suka sa burin kaiwa kilo 50 kafin 2015. Manomin da yake sayen kamfa ko yuriya da mudu ba shi ne zai gurɓata ƙasa irin yadda aka yi a Holan ba. Ƙasar da ta gaji kuma ba ta ciyar da mutum, ba ta ciyar da tsuntsu. Ƙwayar kamfa ko sufa da aka binne a gindin shuka ba ta da wata barazana ta a-zo-a-gani ga tsuntsun da ke wucewa.

Haɗarin yana wurare ƙalilan, kuma duk ana iya kauce musu. Yuriya, mai ɗauke da kashi 46 cikin 100 na naitirojin, guba ce ga dabba mai tuƙa idan ta ci da yawa. A tumbin akuya ko tunkiya takan rikiɗe ta zama iskar amoniya, dabbar ta kumbura ta faɗi cikin ɗan lokaci. Buhun da aka bari a buɗe a zaure, ko kwanon da aka auna taki ruwan sama ya taru a ciki, sun isa. Watsa taki a saman ƙasa kuma asara biyu ce: rana da iska suna ɗauke wani kaso na ƙarfin yuriya, kaji da zabi kuma suna tsattsagar abin da ya rage a fili.

Wurin da ya fi damuna shi ne kududdufi. Kusan kowane ƙauye yana da nasa, ramin da aka haƙa don ƙasar gini. Da damina shi ne mahaifar kwaɗi da burduddugi da mazari, shi ne mashayar tsuntsaye da dabbobi, yara ma a nan suke wanka. Duk abin da ruwa ya wanko daga gonakin kewaye a nan yake tsayawa, domin ba shi da mafita. Taki idan ya taru a ruwan da ba ya gudu, gansakuka takan yi yawa, in ta ruɓe ta shanye iskar da kifi da 'ya'yan kwaɗi suke shaƙa, kuma an tabbatar naitiret mai yawa shi kansa yana cutar da su. A wannan ruwan ne kuma mai feshi yake ɗiban na haɗi, a nan yake ɗauraye injinsa in ya gama. Ɗaurayar injin feshi guda a ƙaramin kududdufi tana iya fin abin da ruwan sama zai wanko daga gona.

Ruwan da ya tsere wa kududdufi gabas yake nufa, domin yankin nan yana cikin kwarin Haɗeja da Jama'are, wanda yake ƙarewa a dausayin Haɗeja da Nguru, masaukin ɗimbin tsuntsayen ruwa masu zuwa daga Turai, wanda aka sa wani sashensa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a shekarar 2000. Kacalar da ta toshe hanyoyin ruwa a can, asalinta sauyin gudun kogi ne bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, amma ruwa mai taki ƙara mata ƙarfi yake yi. A cikin kacalar nan kuma jan-baki yake samun wurin kwana.

Game da ƙasar kanta, muna da shaida ta gida. Gwajin taki na dogon zango da aka kafa a Samaru a 1950 ya nuna takin zamani shi kaɗai, shekara da shekaru, yana sa ƙasa ta yi tsami, haɗa shi da takin dabbobi kuma shi ne yake riƙe ta. Michael Mortimore da Frances Harris, a nazarinsu na karkarar Kano, sun nuna harawar wake da gyaɗa da takin tumaki da awaki su ne suka riƙe gonakin da ake nomawa kowace shekara ba hutu. Takin gida yana kawo gara da tana da buzuzu, su ne abincin kaza da bushiya da cilakowa. Tsarin da cibiyar ICRISAT ta gwada a Nijar, na zuba ɗan taki kamar cikin murfin kwalba a ramin shuka a rufe, ya dace da aljihun manomi, ya kuma kawar da ƙwayar takin daga bakin kaza da hanyar ruwa.

5.0 Wanda yake barin mushe

Idan aka tsinci matattun tsuntsaye a gona, a fara tambayar maganin ƙwari da maganin iri. Kabofuran, wanda aka sani da Furadan, ƙwaya ɗaya tana kashe ƙaramin tsuntsu, domin yana ɗaukarta a matsayin tsaba ko tsakuwa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta taɓa ƙiyasta yana kashe tsuntsaye miliyan ɗaya zuwa biyu a shekara, ta fara janye mai ƙwaya-ƙwaya a 1991. Shirwa ko ungulu da ta ci mushen da ya mutu da shi ita ma takan bi. Ungulun da muka tashi muna gani a kowace mahauta, tun 2015 tana cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa, guba da farautarta don magani suna cikin manyan dalilai.

Garin da ake cuɗa iri da shi kafin shuka, irin su Apron Star, yana ɗauke da maganin ƙwari daga dangin da Tarayyar Turai ta hana amfani da uku daga cikinsu a fili a 2018 saboda kudan zuma. A 2019 masu bincike a Kanada suka ba wasu ƙananan tsuntsaye masu ƙaura ɗaya daga cikin dangin, mai suna imidakulofirid, gwargwadon abin da ke jikin 'yan ƙwayoyin iri. Cikin sa'a shida suka rasa kusan kashi 6 cikin 100 na nauyinsu, tafiyarsu kuma ta yi jinkirin kwana uku da rabi. Na cikin Apron Star bai kai wannan kaifi ga tsuntsu ba, amma darasin ɗaya ne, musamman ga masu binne, waɗanda irinsu yake kwanaki a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwa, a daidai lokacin da abinci ya ƙare wa kowane tsuntsu. A rufe rami da kyau, wanda ya zube a tsince, ragowar kuma kada a watsa wa kaji.

6.0 Hurumi

Ba sai mun aro tsarin kariya daga waje ba. Kalmar hurumi tana bakinmu, kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi bayanin harimi da hima a littafinsa Ta'alimur Radi, wato filin da ake keɓewa a kewayen rijiya ko gari ko makiyaya don amfanin kowa. Abin da nake kira gare shi shi ne a shigar da feshi cikin abubuwan da hurumi yake hanawa. Mita 6 irin ta Ingila ba za ta yiwu a gonar da ba ta cika hekta ba, amma taku ɗaya ko biyu a bakin iyaka, inda gamba take, zai yiwu, kuma in maƙwabta biyu suka bari ya zama ninki. Kududdufi da burtali da maƙabarta su fita daga feshi gaba ɗaya, a koma yanka da lauje, ciyawar ta tafi turke. Ruwan ɗauraya a zubar da shi cikin gonar da aka fesa, nesa da rijiya. Wannan magana ce da dagatai da masu unguwanni da limamai a masarautar Gaya za su iya tsayar da ita fiye da kowace takardar hukuma, malaman gona na hukumar KNARDA kuma su kai ta ga masu feshin haya, domin su ne hannun da yake riƙe da injin.

Gindin itace ma hurumi ne. Leo Zwarts da abokan aikinsa daga Holan sun ƙirga tsuntsaye itace bayan itace a faɗin Sahel, suka samu gawo yana cikin waɗanda suka fi tara ƙwari da tsuntsaye masu ƙaura, darbejiya kuwa kaɗan take ɗauka. A Maraɗi da Damagaram, sassabin zamani da aka fara a 1983, wato barin tohon kututture ya girma a cikin gona, ya mayar da itatuwa a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5. Duk wannan a kan ƙaramin tsiro ya dogara, irin wanda gilifosat yake kashewa a wucewa ɗaya. Gawon da muke gani yau a gonakin Gaya wani ne ya kewaye shi da fartanya shekaru da yawa da suka wuce.

Ga jami'o'inmu kuma akwai aiki mai araha. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote tana Wudil, maƙwabciyar Gaya, Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa tana Jami'ar Bayero, cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos kuma tana da tsarin ƙirga da ta horar da matasan Arewa a kai. A zaɓi gonaki bibbiyu a ƙauyukan Gaya da Ajingi, ɗaya ta feshi ɗaya ta fartanya, a ƙirga ƙwari da tsuntsaye a watan Yuli da Agusta, damina uku a jere. A haɗa da matan da ke kiwon zabi, kowace ta riƙa faɗin ƙwai nawa aka ƙyanƙyashe mata, 'yan tsaki nawa suka kai wata guda, da kuma ranar da aka fesa gonar da ke bayan gidanta.